Na'ura Ta Ce An Biya, Alhali Akwai Ciko

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridar nan tamu in yi magana a kan wani abu da ake rainawa, wato ɗan akwatin nan na saman shafin intanet inda mutum ke rubuta kalma ya danna a nemo masa. Na daɗe ina son rubuto wannan wasiƙa. Abin da ya zaburar da ni shi ne, makon jiya na shiga shafinku ina neman wani rahoto da kuka taɓa yi kan 'yan albasa, na rubuta "ƙungiyar" da ƙugiyarta, aka ce babu. Na cire ƙugiyar na rubuta "kungiyar", sai ga rahoton ya fito. Ni na san inda matsalar take, shi ya sa na sake gwadawa. Wanda bai sani ba rufe shafin zai yi ya tafi, yana zaton ba ku taɓa cewa komai a kai ba. Ba ƙorafi na kawo ba, domin ni ma na tafka wannan kuskure da hannuna, kuma nawa saura ƙiris ya ci haƙƙin marayu.

A Zangon Agege aka haife ni, nan na yi allo, nan na yi boko. Gyaran waya na fara koya a Computer Village da ke Ikeja, daga baya na karkata ga rubuta manhaja, ina koyo da daddare a wata tsohuwar kwamfuta da na saya hannu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 tun kafin a haife ni, tun zamanin da shi da sa'o'insa ba sa cewa Legas sai Ikko. Kaya na zo masa daga Aliero da ƙauyukanta a jihar Kebbi, daga Sakkwato, daga Kano, wani lokaci har daga Galmi ta ƙasar Nijar. Wanda ba ya cikin harkar ba zai gane nauyinta ba. Manomi zai yi lodi a ƙauyensu ya danƙa wa direba, shi ko ƙafarsa ba ta taɓa taka Legas ba. Kawu ya karɓa, ya sayar, ya cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'adarsa, ya aika da sauran. Babu lauya, babu takardar yarjejeniya, amana ce kawai sai littafi. Littattafan kuwa sun cika akwatin ƙarfe biyu, wasu da ajami, wasu da boko, wasu ruwa ya taɓa su, don duk wanda ya san Mile 12 ya san yadda take da damina.

A 2021 na gina masa 'yar manhaja da ake buɗewa ta intanet a waya. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ce: sunan mai kaya, garinsu, yawan buhu, lambar mota, direba, abin da aka sayar, abin da aka aika, abin da ya rage. Yaransa uku ke shigar da bayanan, kowa da wayarsa. Bayanan suna zaune a cikin SQLite, wani rumbun bayanai na kyauta da wani Ba'amurke mai suna Richard Hipp ya fara fitarwa a shekarar 2000, wanda yanzu haka yana cikin wayar da ke hannunka, Android ce ko iPhone. Akwatin binciken kuwa ana gobe za a fara aiki na saka shi, bai ci mini minti goma ba. Na yi amfani da umarnin da kowane ɗan koyo ke fara sani, mai suna LIKE, wanda ke ce wa rumbun: bi layi-layi, ka kawo duk inda haruffan nan suka jeru haka. Na gwada da Musa, ya kawo. Na gwada da Aliero, ya kawo. Na rufe kwamfuta na kwanta.

Kowa yana tune da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo a hannun jama'a. Lokacin kuma kakar albasa ce. Akwai wani dattijo daga wani ƙauye kusa da Aliero da ya haura shekara 20 yana aiko wa Kawu kaya. Ba zan kama sunansa ba, bari in ara masa suna mai irin ginin nasa in ce Ɗanjuma. Ba shi da asusun banki, bai kuma yarda a tura kuɗinsa ta asusun wani ba. Ya ce wa Kawu ta waya a ajiye masa, zai aiko ko ya zo da kansa bayan Sallah. Allah bai nufa ba, ya rasu da damina.

Wajen watan Oktoba ɗansa na fari ya iso, saurayi da bai wuce shekara 20 ba, ya kwana biyu a saman tirela, idanunsa jawur saboda ƙura da iska. Ya durƙusa ya gai da Kawu, aka yi ta'aziyya, aka shafa fatiha, sannan ya ce da harshensu, "Alhaji, Baba ya ce akwai cikon kuɗɗinai wurinka." Kawu ya tuna an yi maganar, amma adadin ya kwanta masa, don a watannin nan mutum fiye da 30 ne suka bar kuɗi a hannunsa, kuma a saninsa ya sallami kusan kowa. Ya ce wa babban yaronsa ya duba. Shi wannan yaro yana da allon rubutun Hausa a wayarsa, sai ya rubuta sunan bisa ƙa'ida, da ɗ mai ƙugiya. Manhaja ta kawo lodi biyu, duka an biya, ciko sifiri.

Kawu ya yi jim, ya ce, "Ɗana, na'ura ta ce an biya." Yaron bai yi gardama ba. Wannan ne abin da har yau yake tsaya mini a wuya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Alhaji, Allah shi saka da alheri." Tarbiyyar gidansu ba ta bar shi ya musa wa aminin mahaifinsa ba. Kawu ya ba shi kuɗin abinci ya ce ya kwana tukuna. Amma shi Kawun bai runtsa ba. Ana idar da sallar asuba ya kira ni, ya ce, "Zo ka duba mini abin nan naka. Mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya yana da lafiya ba, ba zai fara yana kan gadon ajali ba."

Na hau danfo, motar hayar Legas, na isa kasuwa ana sauke lodin safe. Ban bi ta akwatin ba, na buɗe rumbun kai tsaye na jera duk kayan da suka taɓa zuwa daga ƙauyen. Lodi biyar ne a kakar, ba biyu ba. Biyu an rubuta Ɗanjuma. Ɗaya Danjuma, wanda yaro na biyu ya shigar, shi wayarsa ba ta da ƙugiya. Ɗaya D'anjuma, irin rubutun masu karanta labaran Hausa a waya. Na ƙarshe Alh Dan Juma, a rabe. A cikin ukun nan akwai cikon kuɗin buhu 37 da ba a biya ba, haƙƙin marayu shida da mahaifiyarsu. Babu wanda ya yi ha'inci cikin yaran Kawu, kowa ya rubuta sunan yadda hannunsa ya saba. Ni ne na gina abin da ya ɗauki mutum ɗaya ya mai da shi huɗu, ya nuna ɗaya ya ɓoye uku, bai ko ce akwai masu kama da shi ba. Kawu ya ƙirga kuɗin a gaban shaidu biyu ya danƙa wa yaron. Da ya tafi, ya juyo gare ni ya ce, "Littafina na takarda, ko hannun wa ya rubuta, in na gani na san mutumina ne. In naka ba zai iya haka ba, mu koma takarda."

Maganar Kawu ita ce dukan ilimin abin. Kwamfuta ba ta ganin harafi, lamba take gani. A tsarin Unicode, wanda wayoyi da kwamfutocin duniya ke bi, ƙaramin d lamba 100 ne, ɗ kuwa 599. Harafin k 107 ne, ƙ kuma 409. A wurinta d da ɗ ba su haɗa ko kaka ba. Mu ne muka san cewa wanda ya rubuta "kasa" a waya yana sauri, sau da yawa "ƙasa" yake nufi. To in mun sani, aikinmu ne mu gaya mata.

Gyaran farko da na yi bai kai layi 20 na rubutun manhaja ba. Duk abin da aka shigar, ana ajiye shi yadda aka rubuta, ba a taɓa shi. Amma a gefensa na buɗe gurbi na biyu, wanda ba mai ganinsa, na sa masa suna inuwa. A cikin inuwa ana mai da manyan haruffa ƙanana, ɓ ta koma b, ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa ta koma y, a share duk alamar hamza, irin wadda ke cikin D'anjuma. Abin da mai nema ya rubuta shi ma a yi masa wannan aski, sannan a gwada inuwa da inuwa. Da wannan kaɗai uku daga cikin rubutun sunan marigayin suka haɗu. Na huɗun, mai rabe, na ƙara masa doka cewa duk sunan da ya fara da "dan" ko "yar" a ajiye shi iri biyu, a haɗe da a rabe.

Akwai rami a nan da nake son masu koyo su sani, don na faɗa cikinsa. Kayan aikin da ake samu a shirye na share alamomin haruffa, da yawansu an yi su ne da Faransanci da Sifaniyanci a zuciya. Harafin é na Faransanci, a tsarin Unicode ana iya raba shi biyu, e daban, ɗigon samansa daban, sai a yar da na saman. Ƙugiyar ƙ ba ta rabuwa, harafi ne guda mai zaman kansa. Sai ka kunna abin share alamomi, ka ɗauka ka gama, alhali ƙ tana nan daram. Haka nan shi SQLite, in ba a ƙara masa wani abu ba, haruffan Turanci 26 kaɗai ya san babbansu da ƙaraminsu. Ya san K da k ɗaya ne, bai san Ƙ da ƙ ɗaya ba ne. Wato wanda ya nemi "ƙaura" ba zai samu "Ƙaura" da ke farkon jimla ba. Dole ka rubuta jerin da kanka, haruffa takwas ne kacal da manya da ƙanana.

Ita kuwa hamza, waƙafin nan na sama da ke cikin Sa'adu da Mu'azu da 'yan'uwa, ta fi kowa wahalar da ni. Na farko, ba ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya, akwai lanƙwasassa wadda wasu wayoyi ke sauya maka ita ba ka sani ba, akwai wata ta uku da masana harshe suka fi so. A ido kusan ɗaya suke, a lamba kowace daban. Na biyu kuma ya fi haɗari. A yaren da ake yi wa rumbun bayanai magana, wannan alama ce ke nuna inda zance ya fara da inda ya ƙare. Tun makon farko wani yaron Kawu ya nemi Isma'il, shafin ya tsaya cak ya fito da kuskure. A lokacin na ɗauka ƙaramar matsala ce. Daga baya na fahimci ƙofa ce a buɗe: in hamzar suna za ta iya yanke umarnina a tsakiya, to ɓarawo ma zai iya rubuta hamza ya ɗora nasa umarnin a baya, ya kwashe bayanan ko ya goge su. Maganinta sananne ne, kada ka taɓa liƙa rubutun mai nema a jikin umarni, ka miƙa shi daban ta gurbin da aka tanada. Mu da rabin sunayenmu ke ɗauke da hamza, mu ya kamata mu fi kowa kiyaye wannan.

Na san akwai malaman Hausa da za su karanta wannan ransu ya sosu, su ce ga wani ya zo zai kashe ƙugiya, bayan shekara fiye da 80 ana fama a tsayar da ita a rubutun boko. Ina tare da su, kuma wasiƙar nan shaida ce, ban bar ƙugiya ko ɗaya ba. Baki daban, baƙi daban. Fada ba faɗa ba ce, kafa ba ƙafa ba ce. Shi ya sa na ce inuwa ba mai ganinta. Abin da ke fitowa a fuskar waya shi ne rubutun asali da ƙugiyarsa, kuma wanda ya dace da abin da aka rubuta harafi da harafi shi ke hawa sama, masu kama da shi su biyo baya. Wanda ya nemi "fada" zai fara ganin labarin fadar sarki, labarin faɗa ya zo a ƙasa. Gara ya ga abin da bai nema ba ya tsallake, da a ɓoye masa abin da ya zo nema. Ni a ganina ma wannan ne zai ƙarfafa wa mutane gwiwa su riƙa sa ƙugiya, domin yanzu wasu masu shafuka da gangan suke cire ta don tsoron kada a kasa samun rubutunsu.

Inda na fi daɗewa, inda kuma na fi ƙaruwa, shi ne sunaye. A nan babu wata dabarar lissafi da za ta cece ka. Wace na'ura ce za ta gane cewa Garba shi ne Abubakar, shi ne Habu, shi ne Buba? Ko cewa Shehu na iya zama Usman, Sanda na iya zama Umaru, Iro shi ne Ibrahim, Mamman shi ne Muhammadu? A ɓangaren mata, masu aiko da kaya ba su da yawa amma akwai su, Binta ita ce Fatima, Kulu ita ce Hauwa'u, Indo ita ce A'isha, Dije ita ce Hadiza. Mutum ɗaya, direba ya san shi da Garba, a takardar banki Abubakar ne, a bakin Kawu kuma Habu ne tun suna samari. Sannan ga 'yan Nijar, waɗanda takardunsu ke ɗauke da rubutun Faransanci: Aboubacar, Ousmane, Issoufou, Mahamadou, Souley. Yaro ya kwafo sunan daga katin direba yau, gobe wani ya rubuta shi da kunne, Isuhu ko Yusufu.

Sai na ɗauki littafi da biro na zauna gaban Kawu, dare uku a jere bayan isha'i, a kan tabarmar da ke bayan rumfarsa. Ina kiran suna yana jero mini 'yan'uwansa. Wani lokaci maƙwabtansa na rumfa su sa baki, Basakkwace ya ce a wurinmu kaza ake cewa, Bakano ya ce mu ba mu san wannan ba. Muka tashi da gida 64 na sunaye, kowane gida da 'ya'yansa. Shi ne na zuba a wani ɗan jadawali. Yanzu in ka nemi Garba, manhaja za ta fara kawo masu Garba, sannan ta ja layi ta ce ga kuma masu Abubakar da Habu da Aboubacar. Ba ta cewa mutum ɗaya ne, don ba ta sani ba, kuma ba hurumina ba ne in sa ta yanke wannan hukunci. Ta ajiye su gaban mai idon da ya san mutanen. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma mafi amfanin abin da ke cikin manhajar nan daga kan dattijon da bai taɓa riƙe kwamfuta ba ya fito.

Don kuskuren yatsa, irin Sulaiamn a maimakon Sulaiman, na yi amfani da wani tsohon lissafi da wani masani ɗan Rasha, Vladimir Levenshtein, ya wallafa a 1965: harafi nawa za ka ƙara, ka cire, ko ka musanya kafin wannan kalma ta zama waccan? In bai wuce biyu ba, a kawo ta a matsayin shawara. Sunayen da ke rumbunmu 'yan ɗaruruwa ne, kafin ƙiftawar ido an gama.

Daga baya ne na koma kan gurbin bayani, inda yaran ke rubuta abubuwa kamar "buhuna uku sun ruɓe a hanya" ko "motar ta kwana a Jebba". A nan na kunna wani sashe da ke cikin SQLite tun 2015, ana kiransa FTS5. Aikinsa irin na fihirisar kalmomin Alƙur'ani ne da malamai ke ajiyewa: maimakon ka bi shafi-shafi kana neman kalma, an riga an jera kalmomin, kowace da wuraren da ta fito. Yana kuma jera sakamako bisa wani tunani da wata masaniya 'yar Ingila, Karen Spärck Jones, ta kawo a 1972, cewa kalmar da ba ta cika fitowa ba ta fi nauyi. A rumbunmu kusan kowane layi akwai Alhaji ko Malam, don haka ba su nuna komai. Sunan ƙauye da ya fito sau biyar kacal, shi ne ke kai ka ga mutum.

Amma kada wanda ya ruɗe ka da abin da ake kira yanke kalma zuwa saiwarta, wato na'ura ta yanke ƙarshen kalma don tilo da jam'i su haɗu wajen nema. Wanda ke cikin FTS5 na Martin Porter ne, na 1980, kuma don Turanci aka yi shi. Rumbun PostgreSQL yana da na harsuna da dama, har da Larabci, babu na Hausa. Jam'inmu ba ƙara harafi ɗaya ba ne a ƙarshe. Buhu buhuna, kwando kwanduna, mota motoci, ga kuma motar, motarsa, motocinsu. Waɗannan neman farkon kalma yana kamo su, ka ce a kawo duk abin da ya fara da "mot" ko "buhu". Amma tunkiya da tumaki, akuya da awaki, saniya da shanu, sai dai jadawali irin na sunaye. Duk wanda zai gina wa 'yan kasuwar dabbobi ta Kara ko mahautan mayankar Oko-Oba manhaja, ya fara da wannan.

Lokacin da nake cikin wannan aiki na je wani taron masu rubuta manhaja a Yaba, na ba wani da ya fi ni gogewa labari. Da kyakkyawar niyya ya ce in ɗauko Elasticsearch. Na je na karanta. Babban kayan aikin bincike ne, ya fito a 2010, an gina shi a kan wata manhajar bincike ta Doug Cutting mai suna Lucene, kuma manyan kamfanoni na ɗora masa miliyoyin takardu. Amma yana son uwar garke, wato kwamfutar da ake ɗora manhaja a kanta a intanet, mai ƙwaƙwalwa da yawa, wadda ake biyan hayarta da dala duk wata, a shekarar da naira ta faɗi warwas. Mu kuwa layukanmu ba su kai 9,000 ba. Ba a hayar tirela don kai tuwo maƙwabta. Abin da ya fi wannan ma, ko na ɗauko shi, ba zai zo da sanin cewa Garba Abubakar ne ba, sai na zauna da Kawu dai. Matsalarmu ba ta taɓa zama ta sauri ba. Matasanmu da yawa suna jin sunan manyan kayan aiki sai gwiwarsu ta yi sanyi, su bar akwatin bincike yadda yake, suna jiran ranar da za su samu kuɗi. Aikin mako ɗaya ne, kuma kyauta.

Saura ƙananan abubuwa da kasuwa ta koya mini. Lambar mota, wani zai sa karan tsakiya wani ba zai sa ba, wani haruffa uku na ƙarshe kawai ya riƙe, don haka a inuwa ana cire komai sai harafi da lamba, a kuma yarda a nemi tsakiyar lambar. Lambar waya, wadda ta fara da 0 da wadda ta fara da 234 a mai da su ɗaya. Sabis a cikin kasuwa yana zuwa yana ɗaukewa, data kuma da tsada, saboda haka manhajar tana jiran yatsa ya tsaya kafin ta aika tambaya, kuma sakamako 20 take kawowa a karo ɗaya. Sannan da binciken ya yi kyau sai wata damuwa ta taso: yanzu kowane yaro zai iya rubuta sunan mutum ya ga bashin da ke kansa. Sirrin mutane ne. Tun kafin in ji labarin dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, Kawu ya riga ya ce shi da babban yaronsa kaɗai za su riƙa ganin gurbin kuɗi.

Gyaran da na fi ba muhimmanci kuwa ba na lissafi ba ne, na lafazi ne. Na cire kalmar "babu" daga manhajar gaba ɗaya. Mutanenmu suna girmama abin da na'ura ta faɗa fiye da kima, na gani da idona ranar da dattijo mai shekara 40 a kasuwa ya kusa ƙaryata zuciyarsa saboda allon waya. Yanzu in ba ta samu ba, cewa take, "Ban samu da wannan rubutun ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kake nufi?" In ta samu ma, tana ƙarawa a ƙasa, "Akwai wasu sunaye masu kama da wannan," ta jero su. A shafin ciko kuma na sa ta riƙa nuna duk bashin da ke kan garin mutumin, ba sunansa kaɗai ba.

Don haka, Malam Edita, roƙona gare ka da duk mai shafin Hausa, ko jarida, ko makarantar Islamiyya mai rajistar ɗalibai, ko asibitin unguwa mai katin marasa lafiya, ko ƙungiyar 'yan kasuwa: ku kira wanda ya gina muku, ku zauna tare, ku gwada kalma huɗu a gabansa. Ku rubuta ƙasa da kasa da k'asa, ku ga ko sakamakon ya zo ɗaya. Ku rubuta 'yan'uwa, ku ga ko shafin zai tsaya. Ku rubuta Ɗangote da babban Ɗ, sannan Dangote. Ku rubuta Muhammad, ku duba ko Muhammadu da Mohammed sun biyo. A asibiti wannan ba wasa ba ne, mace ɗaya na iya samun kati uku, maganin da jikinta ba ya so yana rubuce a ɗaya daga ciki.

Jadawalin sunayen nan da muka haɗa da Kawu, da jerin haruffan inuwa, na shirya bayar da su ga duk mai so, ba ko kwabo, zan aiko muku ta ofishinku ku miƙa wa wanda ya tambaya. Sai dai ya fi ƙarfi a sunayen Kano da Sakkwato da Kabi, don su ne mutanen rumfarmu. Ina roƙon masu karatu daga Katsina, Zazzau, Bauchi, Gobir, Damagaram da Adar, da Hausawan Zangon Kumasi da Accra, su rubuto wa jaridar nan laƙubban da ake yi wa sunayen yanka a wurarensu, na maza da na mata, in ƙara. Akwatunan ƙarfen nan biyu ma suna nan, rabinsu ajami ne, na fara shigar da su da hannu Kawu yana karanto mini, mun kai littafi na huɗu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zangon Agege, Legas.